Tukunyar Kabira

Alhamis, 1 ga Zulƙida

'Yata Haifa ta fara karanto mini littafin da take rubutawa. Bayan la'asar take zaunar da ni ta yi ta karatu da Larabci, inda na ɓace kuma ta kakkaryo mini da Hausarta mai ban tausayi. Labarin garin Turawan da ta yi karatu ne, a zamanin babban yaƙinsu: ana bin Yahudawa gida-gida ana kwashewa, wani mutum kuma yana binciken wanda ke nuna ƙofofin. Na ce duk faɗin duniya ta rasa waɗanda za ta rubuta sai su, ga abin da muke gani a labarai kullum? Ta ce matar cikin labarinta tela ce, kuma an kashe ire-irenta tun ba a haifi masu wannan aikin ba. Wai a tsohuwar unguwar Yahudawan ta zauna lokacin karatunta, kuma har yau mutanen wurin ba sa son a tambaye su na wane ne gidan a da.

Likitancin haƙori aka tura yarinyar nan ta koyo, ga abin da ta dawo mini da shi.

Litinin, 5 ga Zulƙida

Sunan telar Hanna, ni Hannatu nake ce mata. Yau an zo inda maƙwabciyarta ta ɓoye ta a ɗakin sama. Sai na ji wani iri, don mu ma muna da ɗakin sama, kuma Kabira ce a ciki. Tun ɗana Mish'al yana goye ta zo hajji daga Maraɗi, ba ta koma ba, ba ta kuma da iƙama, takardar izinin zama. Marigayi maigidana ne ya ba ta ɗakin. Ba bikin da za a yi a unguwarmu ta Shisha ba a ci tuwonta ba, kuma ita ta tsaya a kaina ranar da aka fita da gawarsa.

Juma'a, 9 ga Zulƙida

Mish'al ya zo cin abinci, ya ƙi ci. In yana so kada a yi masa musu Larabci yake juyawa, amma yau da Hausa ya ce, "Ummi, bana ba wasa. Kafin hajji gida-gida za a bi. In aka samu Khala Kabira a nan, aikina ya tafi, ni ma ban san inda zan kwana ba."

Na yi faɗa, na ce a bayanta ya girma. Ya ce ya sani, idonsa ya kawo ruwa. Matarsa ga ciki wata bakwai.

Lahadi, 11 ga Zulƙida

Na hau sama da maganar da na shirya, ban ma samu na faɗa ba. Tana ganina ta ce ai ta daɗe tana son ta ɗan koma unguwar Hindawiyya wajen 'yar ƙanwarta, har a gama hajji. Ƙarya take, ni ma na sani, ita ma ta san na sani. Muka zauna muna hirar tsadar kuɓewa.

Jaka ɗaya ta ɗauka. Ta ce kayan su jira ta.

Laraba, 14 ga Zulƙida

Na ce wa Haifa kaina na ciwo, yau ba karatu.

Asabar, 17 ga Zulƙida

An kama Kabira. Ɗakin 'yar ƙanwar ya yi musu kaɗan, ta fita neman wani wurin, aka tare motar. Tana tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Haifa ta same ni ina kuka, ta ce kada in haɗa biyun, ba ɗaya ba ne: Kabira gida za a kai ta da ranta, su Hannatu kuwa ba a kai su ko'ina da rai ba. Gaskiyarta, ban kuma ce ɗaya ne ba. Amma wane gida? Duk wanda Kabira ta sani a Maraɗi yana ƙasa.

Talata, 20 ga Zulƙida

Hajo, babbar ƙawar Kabira, ta zo da mata uku rabon kaya. Haka ake yi in an tafi da mutum: ba ya dawowa, sai a raba, a yi masa addu'a. Sau nawa ina zuwa irin wannan rabon a gidajen wasu, ban taɓa jin komai ba. Katifa ta tafi, fanka ta tafi, har tsintsiya. Sai Hajo ta turo mini babbar tukunyar biki, ta ce wannan ta uwar gida ce.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: shekara da shekaru ina son tukunyar nan. Na ce a'a sau ɗaya, a hankali. Na ɗauka.

Alhamis, 22 ga Zulƙida

Kabira ta bugo da wayar wata. Muryarta ta dushe. Ba ta yi ƙorafin komai ba, sai tambayar wa ya samu me. Da na faɗi tukunya sai ta ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, gara ke. Ki kula, gindinta na kamu in wuta ta yi yawa."

Da ma zagina ta yi.

Lahadi, 25 ga Zulƙida

Jirginsu ya tashi jiya. Mish'al ya aiko mini da inabi.

Laraba, 28 ga Zulƙida

Haifa ta karanto babin da asiri ya tonu. Ashe maƙwabciyar ce ta fitar da Hannatu, kuma da aka tafi da ita ta hau ta ɗauke keken ɗinkinta tana murmushin mugunta. Na ce ta tsaya. Na ce wannan babin ƙarya ne, ba haka ake yi ba. Ta ɓata rai, wai ta yi shekara biyu tana bincike.

Na ce matar ba ta yi murmushi ba. Tana da ɗa. Kuma ba ta kori kowa ba, hawa kawai ta yi ta zauna, baiwar Allah Hannatu ta gane da kanta, ta sauƙaƙa mata. Keken kuwa ba ɗauka ta yi ba, ba ta aka yi, ta kuma ce a'a sau ɗaya.

Haifa ta ajiye takardun. Ta tambaya ko matar ta yi ɗinki da keken daga baya.

Na ce ban sani ba tukuna. Na ce ta ɗauko biro.