Sunanmu a Takardar Bankin Mijin Joanne

Zuwa ga Yaya Yvonne,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigida. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan. Mu a Toledo lafiya lau, jikoki sai ɓarna.

Ki taya ni murna, Yaya, Allah ya ba ni suruki mai basira. Tun rasuwar maigidana Walter nake riƙe da ɗakunan ajiyar nan na haya, kuma duk wanda ya biya da kati, haruffa uku na tsohon kamfanin marigayi yake gani a takardar bankinsa. Wasu sukan manta, su kira banki su ce an yi musu sata. Darnell, mijin 'yata Tasha, ya ce wannan ƙauyanci ne. Ya zauna gaban kwamfuta ya cire haruffan, ya sa cikakken sunanmu, da titi, har da lambar waya. Na ce sannu da aiki, injiniya.

Akwai wata baiwar Allah, Joanne, mai hayar ɗan ƙaramin ɗaki can baya. Tun bazara take kawo kaya kaɗan-kaɗan, rigunan yara, bargo, fasfo. Ban tambaya ba, amma ni da na tsufa a kasuwa na san tabon da hoda ba ta rufewa. Asusunsu ɗaya da mijin. A da haruffa uku kawai yake gani a takardar banki, ya ɗauka inshora ce.

Ranar Talata mijin ya shigo ofis da takardar a hannu, yana murmushi, ya ce matarsa ta ɓatar da makulli, in nuna masa ɗakin. Na ce kuskuren banki ne, na rantse. Ya ce ba komai, uwa, yana da haƙuri. Tun ranar motarsa tana tsallaken titi. 'Yan sanda sun ce tsayawa a titi ba laifi ba ne. Wayar Joanne a kashe take, abinci ma ya ƙi shiga mini.

In ta ɓullo, zan sa ta a bas ita da yaran zuwa wurinki a Winnipeg. Ki share ɗakin baƙi, kar ki gaya wa kowa, bango ma da kunne.

Ki gaida Clarence da Anti Pearl. Darnell ma yana gaisuwa, yana ta alfahari yanzu kowa ya san inda kuɗinsa ya tafi. To in mijin Joanne ya ƙwanƙwasa gobe, wa zan tura ya buɗe, ni ko injiniyan?

Ƙanwarki,
Loretta