Baƙuwar da Ta Zo Neman Suna

Litinin, 8 ga Janairu

Manhajar ta yi aiki. Don murna saura kaɗan in kifar da kofi a kan kwamfuta.

Tun kaka nake fama da ita. Gidan tarihin garinmu ne ya ba ni aikin: suna son allon da baƙo zai rubuta sunansa, a gaya masa daga ina sunan ya fito. Yau na ba ta sunan mahaifiyata, Sigrun, ta raba shi gida biyu: Sig, nasara, run, sirri. Na ba ta na surukata, Gudbjorg: Gud, Allah, bjorg, ceto. Haka yawancin tsofaffin sunayenmu na ƙasar Aislan suke, kai da wutsiya. Dabarar da ta faɗo mini a makon jiya ce ta warware komai. Da daga harafin farko take fara dubawa, yanzu na sa ta fara daga na ƙarshe, domin wutsiyoyin ba su kai kawunan yawa ba. In harafi bai dace ba kuma, ba ta komawa baya ta sake lale, sai ta tsallake zuwa inda ake da ran dacewa.

Orri ya dawo daga teku yana ƙarnin kifi, na ja shi gaban allo tun bai cire takalmi ba. Ya rubuta sunansa. Ta ce sunan wani tsuntsu ne mai kama da zabo. Ya ce, "Injiniya, wata da watanni kina wannan aiki don a ce mijinki zabo ne?"

'Yar cikina ta yi ta shuri. Ina ga ita ma abin ya burge ta.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na zuba mata sunayen da ke cikin tsofaffin littattafan cocin yankinmu, kafin in sha ruwa ta gama. Ga namu na asali a gefe, ga waɗanda suka shigo da addini a gefe. Jon ashe Yohanna ne da ya sha tafiya har ya rame. Margret daga Girka, lu'ulu'u. Pall daga Rum, wai ƙarami, alhali Pall maƙwabcinmu sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ni kaɗai a ɗaki ina ta dariya.

Waɗanda ta kasa ganewa takan jefa su a wani kwando da na yi mata. Yawancinsu kuskuren rubutu ne, zan share. Sai dai na ga Kadlin a ciki. Kadlin ungozoma, wadda ta rasu bara. Ba kai, ba wutsiya, manhajar ta ce ba ta san shi ba. Zan duba daga baya.

Lahadi, 14 ga Janairu

Mama da Gudbjorg sun zo cin miyar naman rago. Kowace da saƙarta, kowace tana saƙa wa jikar da ba a haifa ba hula. Sun san sarai ba a faɗin suna sai ranar baftisma, amma wannan bai hana su zagaye ba.

Mama ta ce, "Ni dai ba ruwana, amma a gidanmu 'yar fari sunan uwar uwa take ɗauka."

Gudbjorg ba ta ɗago daga saƙa ba ta ce, "Ikon Allah. Mu kuwa a namu gidan sai yaro ya yi rashin uwar uba ake waiwayar wata."

Orri ya tuna yana da igiyar da zai gyara a waje. Matsoraci.

Abin ya fara damuna da gaske. Duk wadda aka bari a cikinsu ba za ta ce komai ba, kuma ba za ta manta ba har kabari. A ƙaramin gari irin namu, inda kanti ɗaya ne, wurin wanka ɗaya, ina zan sa kaina?

Talata, 16 ga Janairu

Na samo mafita, kuma ni da kaina na yaba wa kaina.

Na juya manhajar baibai. Na ba ta sunayen iyayen biyu, na ce ta nemo mini sunan da mutane suka taɓa ɗauka wanda ya haɗa kan wannan da wutsiyar waccan. Kakanninmu ma haka suke yi in suna son faranta wa gida biyu. Ta kawo Gudrun da Sigurbjorg. Rabin tsofaffin garin nan Gudrun ne, don haka Sigurbjorg. Nasara da ceto. Sigurbjorg 'yar Orri. Na faɗe shi da ƙarfi a kicin, na sake faɗa, daɗi kamar me.

Orri ya ce, "Wato uwarki ce kai, tawa ce wutsiya." Na ce ai daga wutsiya manhajata ke farawa, ya je ya gaya mata haka.

Alhamis, 25 ga Janairu

Yau rana ta leƙo ta bayan dutse, karon farko tun Nuwamba, domin a garinmu duwatsu kan tare ta duk tsakiyar hunturu. Gari duk ƙamshin fanke da kofi, kamar kowace shekara. Na ci a gidan Mama, na ci a gidan Gudbjorg don kada a ce, na dawo na kishingiɗa a kujera hasken yana dukan fuskata.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, Kadlin ce. Da tsohuwar jakarta ta fata, da dusar ƙanƙara a kafaɗa. Ta dube ni yadda takan dubi mutum ta saman tabarau, ta ce, "Unnur, ko akwai wuri a wajenki? Na gaji da tsayuwa a waje."

Sai na farka, ashe mafarki ne. Babu wanda ya girma a ƙasar nan da bai san fassarar wannan ba. In mamaci ya zo wa mai ciki a mafarki yana neman masauki, sunansa yake so a sa wa abin da za a haifa. Tsofaffi kuma sun ce ba a hana shi.

Juma'a, 26 ga Janairu

Fanke ne ya yi mini yawa. Ga shi na ga sunanta a kwando kwanan nan. Shi ke nan.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na bi sawun sunan, don aiki kawai. Kai, abin ya yi daɗi. Dole manhajata ta kasa raba shi, ai ba namu ba ne. Masana sun fi zaton daga wata ƙasa, Ailan, ya zo, a bakin matan da aka kawo cikin jiragen ruwan da suka fara isowa nan. Wato shekaru dubu yana tafe daga wannan mace zuwa waccan, ba wanda ya kula, har ya iso kan wata ungozoma mai jakar fata. Ita kuwa ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Na duba masu rai a yankinmu kaf, ba mai amsa shi.

Zumuɗi ya sa na yi suɓul da baka, na ba Orri labarin har da mafarkin. Na ɗauka zai yi dariya. Ya ajiye cokali.

"Tun yaushe?"

"Ranar fanke."

"Kika yi shiru? Unnur, irin wannan baƙuwar ba a barin ta a bakin ƙofa."

Na ce masa ni da lissafi nake aiki, ba da mafarkin rana ba. Ya ce shi da teku yake aiki, kuma duk wanda ya ce ya gama sanin komai, bai taɓa fita cikin hazo ba. Na ce to iyayenmu fa? Can ya ce ni aka zo wa, ni zan yanke, shi bakinsa alaikum.

Na ji haushinsa. Da ya yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na je wurin wankan gari na zauna a ruwan zafi, bayana ya matsa mini. Na tarar da Mama da Gudbjorg a ciki. Ganin cikina ya tayar musu da labarin haihuwa.

Mama ta ce ranar da za ta haife ni hanya a rufe take, iska na neman ɗage rufi, Kadlin ta ratso ƙanƙara har gwiwa ta iso. Gudbjorg ta ce wannan ai wasa ne, Orri da ƙafa ya taho, Kadlin ce ta juya shi da hannunta tana yi mata faɗa wai ta daina ihu kada ta tsorata tumaki. Har a kan wannan sai da suka yi gasa.

Na nutse har haɓa.

Laraba, 6 ga Maris

Ta iso. Mace, gashi baƙi cunkus, murya kamar ta kakanninta biyu a haɗe. Ban taɓa jin farin ciki irin wannan ba, ban ma san inda zan ajiye shi ba.

Asabar, 23 ga Maris

Kafin baftisma 'Yar Zabo muke ce mata. Iyayen kullum suna nan, kowace na ƙoƙarin ta ga hularta ce a kanta. Jiya Gudbjorg ta ce wai za ta yi wa zanen gado ado, harafin farko kawai take so. Na ce ta yi fure.

In ba kowa nakan gwada kiran ta Sigurbjorg. Suna ne mai kyau, ba abin da ya same shi. Sai dai in na faɗa ji nake kamar ina karanta sakamako daga allo. Ɗayan kuwa ban gwada ba. Tsoro nake kada ya zauna.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Coci ya cika. Mama a dama, Gudbjorg a hagu, kowace ta sha ado kamar ita za a yi wa baftisma. Ni ke riƙe da yarinya cikin doguwar farar rigar da aka sa wa Orri yana jariri. Har muka fito daga gida Sigurbjorg ne a bakina, na ma yi ta maimaita shi a mota.

Fasto ta tambaya, "Wane suna za a kira yarinyar nan?"

Na dubi fuskar jaririyar. Ta buɗe ido ɗaya ta harare ni daga ƙasa, saura tabarau kawai.

Na ce, "Kadlin."

Ban iya duban dama ko hagu ba. Na ji ruwa na zuba, na ji Orri ya saki numfashi, ni kuwa ina ta lissafin shekarun da zan yi ina sayayya a kantin wani gari.

A wajen shan kofi suka tare ni su biyu, kafaɗa da kafaɗa, abin da ban taɓa gani ba. Gudbjorg ce ta fara, murya ƙasa ƙasa.

"Zuwa ta yi?"

Na gyaɗa kai.

Mama ta ce, "Da jakar?"

"Da jakar."

Mama ta toshe baki da hannu, hawaye na bin yatsunta. Gudbjorg ta karɓi yarinyar daga hannuna ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce, "Rabin garin nan a hannunta muka sauke su. Kowace ta karɓi ɗanta ta sa masa sunan gidansu, muka bar ta ta koma da jakarta." Ta gyara wa jaririyar wuyan riga. "Sannu da zuwa, Kadlin. Kin daɗe a waje."

Mama ta ce ta miƙo ta haka nan, ai ba ita kaɗai ke da jika ba.

Talata, 23 ga Afrilu

Na miƙa aikin gidan tarihi, sun yi murna. Kafin in miƙa na fito da suna ɗaya daga kwando na rubuta masa layinsa da hannu, tunda ba ƙa'idar da za ta kama shi. Duk mai wannan sana'a yana yin haka wani lokaci, ba wani abu ba ne.

Har yanzu ina nan a kan cewa fanke ne. Sai dai ɗazu da na kishingiɗa a kujerar nan da rana, na tsinci kaina ina kasa kunne wajen ƙofa. Ba kowa. Tana ciki, tana barci a ƙirjina.