Wankan da Ban Yi Miki Ba

Zuwa ga aminiyata, Ya Falmata,

Assalamu alaiki. Allah Ya yalwata miki makwanci. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, tunda ajami kaɗai kika iya. Amma maganar ta tokare mini ƙirji.

Gwiwar ta yi kyau, in ji likita. An cire ɗinki, kumburi ya saɓe. Na ajiye ƙarfen dogarawa, na koma sanda. Mai gashin ƙashi tana lanƙwasa mini ƙafar har sai na yi salati. Salla dai a kujera nake yi. Jiya na taka har bakin titi, ni kaɗai. Ba ke kika ce za ki rangaɗa guɗa ranar da na taka ba?

Shekara nawa muka yi muna wanke mamatan mata a Kwaciri, ke wajen kai, ni wajen ƙafa, a durƙushe, har gwiwata ta cinye? Kin tuna alkawarinmu: duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta, ban da baƙon hannu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da aka sa mini ranar aikin gwiwa, na ga yadda kika zabge, na ga ƙafafunki sun kumbura. Ni da na san waɗannan alamun fiye da kowa! Da na nemi a ɗaga, da an ɗaga. Sai na ce wa zuciyata zazzaɓi ne. Gaskiyar ita ce ciwon ya ishe ni, hutu nake so.

Kwanana tara da aiki kika tafi. A adaidaita sahu aka kawo ni, ƙafa a miƙe, aka ajiye mini kujera a ɗakin. Kina ƙasa a kan tabarma, hannuna bai kai gare ki ba. 'Yarki Bintu da ƙanwarki suka wanke ki, ina faɗa musu a fara da dama, a rage kafur. Ganyen magarya kawai na dama a ƙwarya bisa cinyata. Iyakar abin da na yi miki ke nan.

Malam ya ce wankan ya inganta, ba ni da laifi. Na sani. Amma ai ba da Malam na yi alkawari ba.

Likita ya ce ni da dogon durƙuso har abada. Shi ne na sa Oga Chinedu, wani kafinta a Sabon Gari, ya yi mini gadon katako mai tsayi, daidai ƙuguna. Da na gaya masa na mene ne, sai ya cire hularsa. Makon jiya na wanke matar Alhaji Bukar, maƙwabcinku, a kai, ina tsaye. Ban sha wata wahala ba.

Shi ne abin da ya fi cin raina, Ya Falmata. A ranar wankanki teburin da Bintu take yankan yadi yana nan a tsakar gidanku, na ma dafa shi da zan shiga. Da an shigo da shi, da hannuna ya kai. Me ya rufe mini ido?

Ki yafe mini. In an tambaye ni alkawarin nan gobe ƙiyama, ki ce kin yafe.

Sai Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Taki,
Saude