Daga Zara Zuwa Gamzaki

Tarauni, Yuni 1999

Yaya Shehu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya shago? Tun da sojoji suka koma bariki kai ma ka zama ɗan siyasa, ganinka sai a taro. To mahaifinka dai ba lafiya, kuma ni tsoro nake ji.

Ka san Mista Obiechina, tsohon nan da muke katanga ɗaya, mai kaɗa fiyano a coci. A da Baba kan zauna da shi a ƙofar gida bayan magariba yana gaya masa sunayen taurari, shi kuma ya yi wa kowace kiɗanta: Gamzaki na haihuwa, Kaza da 'Ya'yanta na yarinta, Zara na aure. Yanzu kullum da hantsi yake kaɗa su, fiyanon kaɗai ba waƙa, amma daga kiɗan ƙarshe ya faro yana komawa baya. Tun da ya shiga Zara, Baba ya daina gane ni. Da sunan marigayiya Inna yake kirana, yana sunkuyar da kai kamar sabon ango. Jiya har turare ya nema.

Don Allah ka zo. Ka gaida Zainab da yara.

Ƙanwarka,
Indo

Gyadi-Gyadi

Indo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ke dai ba kya rabo da camfi. Tsufa ne kawai, kiɗan coci me ya haɗa shi da Baba? Ki mayar da shi ɗakin baya. Muna ta zirga-zirgar sabon kansila, in na samu sarari zan leƙo.

Yayanki,
Shehu

Tarauni

Yaya,

Ina gaisuwa. Na mayar da shi ɗakin baya, da rarrafe ya dawo jikin katangar. An shiga Kaza da 'Ya'yanta. Kiɗan ɗis-ɗis yake kamar ruwan indararo a bokiti, shi kuma Baba yana tsakar gida yana gina rumbu da ƙasa. Ya ce in ɓoye shi kada a kai shi kiwo. Muryarsa ta sirance, Yaya, wallahi in kana bayan ƙofa ka rantse yaro ne.

Saura Gamzaki. In an kaɗa na haihuwa, ina kuma zai koma? Ka bar kansilan nan ka zo.

Indo

Gyadi-Gyadi

Indo,

Ina gaisuwa. Jiya na zo kin tafi kemis, na ga Baba, ya ɓuya a bayan randa da ya gan ni. Ban iya tsayawa ba, sai na shiga wajen Obiechina.

Bai musa ba. Ya ce Baba ne da kansa ya roƙe shi, tun yana cikin hankalinsa, cewa in ƙafa ta gaza ya kaɗa masa kaɗe-kaɗen taurarin a juye, ya raka shi gida. Hawaye yake yana faɗa. Ya ce shi ma yana son dainawa, amma da hantsi ya yi sai ya tsinci kansa a kan kujerar.

Na rufe fiyanon, makullin yana aljihuna. Ki kwantar da hankalinki, an gama.

Yayanki,
Shehu

Tarauni

Yaya,

Ina gaisuwa. Kiɗa ya tsaya, Baba ma ya tsaya inda aka bar shi. Ba ya magana, ba ya tauna, ba ya barci. Kuka yake, irin na yaron da aka yaye, yana miƙa hannu a ɗauke shi, yana neman uwarsa da aka binne tun ba a haife mu ba. Na goya shi jiya, Yaya. Na goya mahaifinmu, bai yi shiru ba.

Na san abin da nake roƙo, Allah Ya yafe mini. Ka ba mai acaɓan da ya kawo wannan takardar makullin fiyanon, a kaɗa masa Gamzaki. In za ka iya, ka biyo shi kafin hantsi.

Ƙanwarka,
Indo