Dutsen Malam Gambo Ne, Ba Dutsen Mikacce Ba

Daga: Abdulwahab Bature,
Kasuwar Shanu, Talata Mafara.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Sakatare,
Kwamitin Kula da Tudun Kallo,
Hanyar Maradun.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁATA SUNAN DUTSEN KAKANA A ALLON TUDUN KALLO

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan alheri, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. A ranar 3 ga Agusta aka kafa allon ƙarfe da madubin hangen nesa a tudun da ke kallon ruwan Bakolori, wai don masu hawa su san sunayen duwatsun da suke hangowa. Aikin ya faɗa hannun wani ɗan kwangila da bai taɓa kwana a ƙasar nan ba, ko da yake hularsa ta rana ta burge jama'a.

2. Dutsen da ke arewa, kowa ya san Dutsen Malam Gambo ne. A gindinsa kakana ya karantar har ya rasu, can kuma kabarinsa yake. Allonku ya ce sunansa Dutsen Mikacce.

3. Na bi diddigi. Binciken da wannan gwani ya yi kaf shi ne ya tsayar da Baba Sambo, tsohon makiyayin da kunnensa ya yi nauyi, ya nuna masa dutsen ya tambaye shi. Tsoho bai ji ba, ya ce mi kac ce, yadda kowa ke tambaya a nan. Sai gwani ya rubuta, ya hau mota. Ranka ya daɗe, ko saniya zan saya, tambayar da nake yi ta fi haka.

4. Yanzu abin ya wuce dariya. 'Yan kabu-kabu sun ɗauka, a tasha Mikacce ake kira, baƙi kuma suna ɗaukar hoto da shi. Sunan mutumin kirki yana gogewa a gaban idona, kuma abin yana ci mini rai.

5. A ranar 9 ga Satumba na kai kuka ofishinku. Aka ce rubutun ƙwararru ne, ba a taɓawa.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a kankare wannan shirme, a mayar da sunan gaskiya. Mahaifiyata, Hajiya Larai, ɗiyar Malam ce, ganinta kuma yana raguwa. Kullum tana cewa in kai ta ta leƙa dutsen babanta ta madubin tun tana iya gani. Ba ta karatun boko, amma dole wani ya karanta mata allon. Dabarun hana ta sun ƙare mini.

Allah ya ƙara girma. Na gode.

Naka mai biyayya,
Abdulwahab Bature