Babanku da Kwalaben Auta

Zuwa ga ɗana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku inda kuke, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar nan tawa ta yi sauƙi, Goggonka ma ta zo ta yi mana kwana biyu ta koma. Amma ba don labarin gwiwa na ɗauki biro ba. Maganar Babanku ce, kuma in ban amayar wa wani ba zuciyata za ta fashe.

Ka san ƙanwarka Auta na dab da gama digirinta na biyu. Abin da na fahimta, bayan ta maimaita mini har na fara jin kunya, shi ne maganin da muke sha ba duka jiki ke cinyewa ba. Ragowar kan fita ta fitsari, ta bi kwata, ta shiga rafi, wata rana ta dawo mana a famfo. To ita ta haɗa wani farin gari mai kama da alli, wanda in aka zuba a irin ruwan nan aka ajiye a rana, haske zai motsa garin, shi kuma ya farfasa maganin har ya zama ba komai. In babu rana babu aiki. Da yake ana gyaran saman ginin da suke gwaji a makaranta, sai ta kwaso kwalabenta ta jera mana a tsakar gida, kowacce da sunan maganin da ta ɗiga a ciki. Kullum da yamma takan ɗebi kaɗan, washegari ta kai a auna.

Aka yi ta aunawa, magani na nan daram kamar ba a taɓa shi ba. Yarinyar nan ta sake haɗa garin, ta sake wanke kwalabe, ta zargi hannunta, ta zargi kanta, ta rame har wuya ya fito. Ƙarshe malaminta ya ce saura gwaji ɗaya, in bai yi ba ta bar batun ta ɗauki wani daga farko, wahalar shekara biyu ta tashi a banza ke nan.

Ranar nan na manta tabarauna, na dawo daga shago da hantsi. Ina shigowa me zan gani? Babanku ne yake jidar kwalaben ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai ɗaukar jariri, yana jerawa ƙarƙashin rumfarsa, har da lulluɓa musu jiƙaƙƙen tawul! Da na tambaye shi ko ɗar bai ji ba. Wai yarinya ce, karatu ya yi mata yawa har ta manta ba a barin magani a rana, shi ne yake taimaka mata. Wai kafin ta dawo yakan mayar da su inda suke don kada ta ji kunyar kuskurenta. Tun ranar farko yake wannan aikin alheri. Ka dai san shi, rayuwarsa kaf a tagar ba da magani ta asibiti ya yi ta, duk wanda ya miƙa wa ƙwaya sai ya ce masa a ajiye a inuwa, nesa da rana. Ya yi ritaya amma bakin da hannun ba su yi ba.

Na ce masa lalacewar maganin ai ita ake nema. Ya dube ni kamar na zare, ya ce tunda yake bai taɓa jin inda mai hankali ya lalata magani da gangan ba. Wallahi haushi ya sa har muryata ta dishe. Da Auta ta dawo na gaya mata. Ta zauna a bakin ƙofar kicin ta yi ta dariya, dariyar ta juye kuka. Shi kuwa ya tsaya da tawul a hannu, ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari ƙarar guduma ce ta fito da ni. Rumfar nan da ka kafa masa lokacin da ya bar aiki, inda yake wuni da rediyonsa, ita ya cire, wai tana tare wa kwalabe ranar safe. Kada ka ɗauka na huta. Yanzu ya naɗa kansa mai gadin rana. Ya hana ni shanya, wai zanina na yin inuwa. Ya kori kyanwa. Maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa ya sa ta matsa gefe tun ba ta rufe baki ba. Ni da tsakar gidana sai na raɓa bango nake wucewa. Ga shi da hawan jini, amma yana zaune a tsakiyar rana ko hula babu, gumi na tsiyaya, in na yi magana ya ce aiki yake. Don Allah ka kira shi, kai kaɗai yake jin maganarka.

Jiya Auta ta dawo da gudu ko sallama babu. An auna, maganin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, malaminta ya ce ta ci gaba. Babanku ya tambaye ta a hankali ko da gaske maganin ya lalace. Ta ce ya lalace sarai. Sai dattijon nan ya ɗaga hannu sama yana hamdala, idonsa cike da ƙwalla. Duk zamana da shi ban taɓa zaton zan ga ranar da zai gode wa Allah a kan lalataccen magani ba. Yana shiga ɗaki kuma ya ga ƙwayoyina a kan taga, ya rufe ni da faɗa.

Ka gaida mini matarka, ɗiyar kirki, da angona ƙarami, ka ce masa ina nan ina jiran zanen da ya yi mini alkawari. Goggonka da Kawu da Auta duk suna gaisuwa. In za ka zo ka taho da shirin kafa rumfa, amma Babanku ya rantse ko ƙusa ba za a buga ba sai Auta ta gama.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.