Inna ta goge tsohon kuɗin da toka

Yaya Hamidu,

Gaisuwa mai yawa daga Illela. Ina gajiya, ina sanyin Italiya? Yaya Rabi da yara? Mu nan lafiya lau.

Ɗaya daga cikin tsofaffin kuɗin azurfar nan da ka aiko mani, wata biyu ina bincike, baƙin jikinsa ya hana ni gane garin da aka buga shi. Jiya Inna ta tsince shi, ta goge shi da toka da tsamiya tare da kwanoninta! Na kusa kuka, tunda ka ce wanki yana kashe darajarsa. Amma sai ga fure, tambarin birnin Firenze na can Italiya, ya fito sarai a jikinsa.

Yanzu cewa take, "Karatunku na banza, kawo sauran!" Na ɓoye su cikin rumbu.

Ka gaida kowa. A sa mu a addu'a, musamman sauran kuɗin.

Ƙaninka,
Sani